Zuwa Ngaundare da Guduma a Jaka

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. A ofis a tare ni, a ƙofar masallaci a tare ni, in kuwa na zauna a shagon yayana cikin Kasuwar Jalingo sai a jawo benci a kewaye ni: yaya hanya, me suke ci, da wane yare kuka yi magana? Kowa in gutsura masa kaɗan in wuce. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta labarin gaba ɗaya, har da ɓangaren da ba na iya faɗa a kan benci.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sa'idu, aikina neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Kafin a kawo injin haƙa burtsatse mu ake turawa, mu shimfiɗa wayoyi, mu kafa ƙarafa, mu auna da na'ura, sannan mu ce a haƙa nan, kada a haƙa can. Ina kuma karatun digiri na uku a kan ruwan da ke kwance cikin tsagar duwatsu. Aiki ne na daji, ba ya yiwuwa daga kan kujera.

To amma ni kujerar na riƙe wajen shekara biyu. Wata rana muna awo a bayan wani ƙauye, wasu mutane suka fito mana a kan babura da bindigogi, suka kora mu cikin daji ni da direba. Mun yi kwanaki a hannunsu kafin Allah Ya kuɓutar da mu. Na dawo gida jikina lafiya, aka yi ta zuwa jaje, aka ce in gode wa Allah, na kuwa gode. Sai dai tun daga lokacin, da zarar mota ta bar kwalta ta hau hanyar daji, sai ƙirjina ya ɗaure, tafin hannuna ya jiƙe. Na koma zanen taswira da rubuta rahoton awon da wasu suka yi. Bincikena ya tsaya cak. Malamin da ke duba ni ya yi haƙuri har ya gaji, ya ce in ban kawo sabon awo ba kafin shekara ta ƙare, ba shi da abin da zai kare ni da shi.

Abokin aikina Bulus ne ya sa sunana a wata bitar masu neman ruwa da za a yi a Ngaundare ta Kamaru ba tare da ya tambaye ni ba. Bulus Bamumuye ne daga wajen Zing, gajere, mai dariya da dukan jikinsa. Tare aka ɗauke mu aiki.

"Bulus, bitar nan akwai fita daji a ciki?" na tambaye shi.

"Kaɗan ne, mutumina. Yawanci aji ne da kwamfuta. Kuma garin shi akwai sanyi, za ka ji daɗi."

Na san ƙarya yake yi a kan kaɗan ɗin. Na dai shirya jaka.

Mun tashi ƙarshen damina, ciyawa ba ta bushe ba. Na hau keke napep daga gidanmu a Mayo Gwoi zuwa tasha, na tarar da Bulus zaune a kan wani buhu. Doya ce, manya-manya, daga gonar babansa. Na ce wa za ka kai wa doya a ƙasar da ba ka san kowa ba? Ya ce ai shi ya sa, wanda ya je da doya ba ya daɗewa bai san kowa ba.

Hanyar Yola kun san ta, ba sai na bayyana muku ramukanta ba. A Numan muka tsaya aka ci kifi, wata fasinja ta yi faɗa da direba a kan kajinta da aka danne da taya. Muka kwana a Jimeta gidan goggona, wadda ta dubi Bulus ta dubi buhunsa, ta ce shi ne mai hankali a cikinmu. Ya ciro mata guda biyu.

Washegari muka nufi iyaka ta wajen Gurin. A ɓangarenmu ba a daɗe ba aka sallame mu. A ɓangarensu ne muka samu wani jandarma dogo, mai furfura a gefen kai, ya ce mu buɗe jaka. Doya ta wuce lafiya lau. Da ya ga gudumata ta fasa dutse, mai baki ɗaya kamar tsinin gatari, sai ya ɗaga ta sama ya yi wata doguwar magana da Faransanci. Ni ko kalma ɗaya ban kama ba. Bulus ya gwada Turanci, bai yi ba. Sai ya juya Fulatanci, nan take fuskar mutumin ta saki. Ashe daga nan har Ngaundare Fulatancin da muke ji kullum a kasuwarmu shi ne mabuɗin kowace ƙofa, kuma Bulus ya fi ni iya shi nesa ba kusa ba, duk da kakata Bafulatana ce.

Jandarman ya zazzage duwatsun da muka ɗauko daga Taraba don nunawa a bita, ya jera su a kan tebur, ya tambaya ko zinariya ce. Bulus ya yi masa bayanin aikinmu. Sai ya leƙa waje, ya jawo aljihun tebur ya fito da wani ƙullin tsumma. A ciki akwai dutse mai ƙyalli ruwan ɗorawa. Ya ce a gonarsu ƙaninsa ya tsinta, ya daɗe yana ajiye da shi yana jiran wanda ya sani. Na karɓa na goga shi a bayan wani fasasshen faranti, ya bar baƙin layi. Zinariya ba ta barin baƙin layi. Na rasa yadda zan gaya masa, na bar wa Bulus. Ban san me ya ce ba, amma mutumin ya yi ajiyar zuciya, ya yi dariya, ya mayar da dutsensa cikin tsumma ya ƙulle kamar da. Ya buga mana hatimi, ya miƙo mini gudumar da hannu biyu.

Kogin Faro a kwalekwale muka ƙetare shi, mu da babur guda da akuya da wata tsohuwa da ta yi ta salati har muka kai gaɓa. Daga can muka samu a-kori-kura zuwa Garwa. Hanyar ƙasa ce cikin daji. Na zauna a tsakiya, na sunkuyar da kai, na riƙe carbi. Bulus kuwa ya yi ta surutu da direba da ƙarfi, yana tambayarsa sunan kowane ƙauye, har muka hau kwalta.

Garwa zafi kamar Yola. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tashar mota. Ka sayi tikiti, a rubuta lambar kujerarka, a kira sunanka da lasifika, ka shiga ka zauna. Ba mai jan jakarka, ba mai rantse maka cewa saura mutum ɗaya. Bulus ya ce shi abin bai yi masa daɗi ba, tafiya ba faɗa kamar miya ba gishiri. Kafin a kai Ngaundare akwai wani hawa mai lanƙwasa da bas ke bi yana nishi, manyan motoci a gefe an sa musu duwatsu a bayan taya. Muna kaiwa sama iska ta canza. Wanda ya taɓa hawa Mambila ya san irin sanyin.

An sauke mu a wani masaukin baƙi mai tsakar gida da bishiyoyin fiya. Mai girkin wurin wata dattijuwa ce, Dada Mairama. Da safe ta kawo mana dogon burodi mai tauri kamar sanda, da man shanu da kofi. Muka cinye muna jiran abinci. Shiru. Bulus ya leƙa kicin ya dawo.

"Malam Sa'idu, wai shi ke nan. Wannan ai ba karin kumallo ba ne, gaisuwa ne."

A ranar ya kai mata buhun doya. Daga washegari mu biyu kaɗai ake soya wa doya da ƙwai, sauran baƙi suna leƙen farantinmu. Da rana kuwa suna ci sosai, kuma ba a gaggawa: a rufe aji, a zauna, a ci, a yi hira, ba wanda ke cin abinci a tsaye da waya a kunne irin namu. Na ci wata miyar ganye mai ɗaci da gyaɗa da suke kira ndole, ta yi kama da shuwaka. Aka kawo wani abu dogo naɗe da ganye an ɗaure da zare, na ɗauka da ganyen ake ci, na gatsa. Wani ɗan Nijar da ke gefena ya kusa shaƙewa don dariya, ya kwance mini, ashe tuwon rogo ne a ciki. Miyar yakuwarsu kuma, da suke kira folere, ba ta da bambanci da ta gidanmu.

Shugabar bitar wata farfesa ce, Madam Solanj, mace mai jiki, ta haura sittin, takalmin daji a ƙafarta ko a cikin aji. Su can mace da namiji kan gaisa da haɗa kumatu. Da ta nufo ni na ja baya na dafa ƙirji. Ta tsaya, ta dafa nata ƙirjin, ta ce da Hausar da ta koya a kasuwa, "Sannu, Malam." Daga nan kullum haka muke gaisawa.

Mun karu ƙwarai. An koya mana sabuwar manhajar fassara awo, wadda ke zana maka cikin ƙasa kamar an yanka ta da wuƙa. An koya mana gano tsagar dutse daga hoton tauraron ɗan'adam kafin ka taka wurin. An yi zama a kan yadda ake rubuta bincike har mujalla ta karɓa, da yadda za ka yi in sun dawo maka da shi. Akwai 'yan Chadi, 'yan Nijar, 'yan Kamaru da mu, ana fassara tsakanin Faransanci da Turanci, in abu ya cuɗe a koma Fulatanci ko Hausa.

Sai wata rana bayan cin abinci muka tarar an kwashe tebura, an jera kujeru a da'ira. A jadawali an rubuta lafiyar zuciyar mai bincike. Wani ɗan Chadi ya ce shi ya zo koyon duwatsu ne, ba kuka ba. Aka yi dariya. Madam Solanj ita ma ta yi, sannan ta zauna ta fara magana a hankali, mai fassara yana bin ta.

Ta ce tana ƙuruciyar aiki ta fita da ɗalibai, motarsu ta kife a kan gangare, ɗaliba ɗaya ta rasu a kan cinyarta. Ba ita ke tuƙi ba, ba wanda ya ɗora mata laifi. Amma ta yi shekaru ba ta sake fita ba. Tana ba da uzuri iri-iri, yau ciwon baya, gobe taro. Mutane suna yaba mata yawan rubutu, ba su san ɓuya take yi ba. Sai da wata 'yar'uwarta ta ja ta wurin likitan da ke duba irin wannan damuwa. Ta ce ba rana ɗaya ta warke ba, kuma har yanzu in mota ta hau gangare takan rufe ido.

"Ban faɗa don ku tausaya mini ba," in ji ta. "Na faɗa ne don na san a ɗakin nan ba ni kaɗai ba ce."

Sai mutane suka fara. Wata ta ce malaminta ya yi shekara yana wulaƙanta aikinta har ta daina iya buɗe kwamfuta. Wani ya ce ya nuna wa ƙauye wurin haƙa, aka haƙa ba ruwa, har yau yana ganin fuskokin matan da suka zo da bokitai. Ɗan Chadin nan da ya yi ba'a shi ya fi kowa daɗewa yana magana. Da layi ya zo kaina na ce ba ni da abin faɗa. Ba wanda ya matsa mini.

Ranar fita daji aka kai mu wani tafki da ke cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, ba nisa da gari. Aka raba mu ƙungiya-ƙungiya, muka shimfiɗa wayoyi a gangaren. Na yi mamakin kaina, hannuna bai manta aikin ba. Ina tsugune ina buga ƙarfe a ƙasa, har na fara jin daɗi, sai na jiyo ƙarar babura daga ƙasan tudu, fiye da ɗaya, suna hawowa.

Ban san lokacin da gudumar ta faɗi ba. Sai na tsinci kaina zaune a ƙasa. Numfashi ya ƙi shiga. Ina ganin tafkin da mutane, amma jikina ya riga ya koma wancan dajin. Na ji Bulus ya dafa kafaɗata yana kiran sunana, muryarsa kamar daga cikin rijiya.

Madam Solanj ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ni, ba ta taɓa ni ba. Ta ɗauki wani dutse ta sa mini a hannu, ta ce da Turanci, "Malam, bayyana mini wannan. Kamar yadda za ka gaya wa ɗalibi."

Na dube ta.

"Wane launi ne?"

"Baƙi," na ce da ƙyar.

"Baƙi kawai?"

"Baƙi mai toka-toka. Yana da ƙananan ramuka."

"Me ya kawo ramukan?"

"Iska ce ta fita lokacin da yake hucewa."

"Nauyi fa? Juya shi. Me ka gani?"

Na juya. Akwai ɗigo-ɗigon kore a jikinsa kamar fasasshiyar kwalba. Na faɗa mata sunan ma'adinin, na faɗa mata daga zurfin da ya taso. Tana tambaya ina amsawa, har na ji sanyin dutsen a tafina, na ji iska ta fara shiga ƙirjina. Da na ɗaga kai, baburan sun iso. Mutanen masaukinmu ne, da kuloli ɗaure a baya. Abincin ranarmu Dada Mairama ta aiko.

Kunya ta rufe ni. Na fara ba da haƙuri, Madam ta ɗaga hannu. Ta ce in huta in ci abinci, in na ga zan iya in koma kan layina, in ba zan iya ba mota na nan. Na ci kaɗan. Na koma. Ni na karanta awon ƙungiyarmu har muka naɗe wayoyi.

Da la'asar muna zaune ni da Bulus wurin wani mai shayi kusa da tashar jirgin ƙasa, na ba shi labarin kwanakin da na yi a hannun 'yan bindigar nan tun daga farko, abin da ban taɓa ba kowa ba, har matata. Ya saurara bai katse ni ba, abin da ban san ya iya ba. Da na gama ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Ka tuna ranar nan ni ne aka rubuta zan je?" ya ce. "Zazzaɓi ya kama ni, kai ka tafi a madadina. Tun lokacin, duk ranar da na ga ka zauna a ofis kana zana taswira, ni abinci ba ya shiga mini da kyau. Na je coci na yi addu'a, na gaya wa fasto. Kai ne ban iya gaya wa ba."

Na ce, "Bulus, ai ba kai ka aiko su ba."

"Na sani. Kai ma ka san baburan yau abinci ne suka kawo. Sani ɗin bai hana ka zauna a ƙasa ba."

Muka yi dariya, irin wadda ke zuwa da ruwa a ido. Mai shayin ya dube mu ya ƙara mana ruwan zafi.

Kafin mu taso Madam Solanj ta kira ni gefe. Ta ce abin da ta yi mini da dutse dabara ce ta wucin gadi, ba magani ba ne. Ta ce in na koma in nemi likita, in ci gaba da addu'ata, ɗaya ba ya hana ɗaya. Ta kuma ce in turo mata babin farko na bincikena, za ta karanta, amma ba ta da sauƙi a gyara. Wannan na tabbatar da shi, don ya dawo mini ja wur da jan biro.

Dawowa ba wani labari, sai tayar da ta fashe mana kafin Garwa da ruwan da ya dake mu a kwalekwale. Na iso Mayo Gwoi da tsarabar kofi da dogon burodin da ya zama icce a hanya, yara suka yi ta wasan takobi da shi.

Na gaya wa matata Hajara komai. Ta ce ta daɗe da sani, tana jira ne in faɗa da bakina. Ita ta raka ni asibiti ranar farko. Ina zuwa ganin likitan duk mako, kuma na fara fita awo, kusa-kusa tukuna, inda ana hango rufin gari, Bulus yana riƙe da ɗaya bakin wayar. Wata rana lafiya lau, wata rana sai na zauna na ɗan jira. Malamina ya karɓi awon farko.

Al'adar ofishinmu ce wanda ya je bita ya tara abokan aiki ya gaya musu abin da ya koyo. Na nuna musu manhajar da hotunan. Na yi niyyar tsayawa nan, sai na ji bakina ya ci gaba, na ba su labarin da'irar kujeru da abin da ya same ni a bakin tafki. Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya yi tari, aka tashi ba tambaya ko ɗaya.

Ina kan hanyar fita sai na ji takun mutum a bayana. Injiniya Tanko ne, shugaban masu haƙa, wanda ya shekara talatin a daji, wanda ko ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa ba ya cewa wash. Ya tsaya yana gyara hularsa, yana kallon wani wuri daban.

"Sa'idu, likitan nan naka, wace rana yake zama?"

"Laraba, ranka ya daɗe."

"Ba ni ba ne. Wani ɗan'uwana ne, ba ya samun barci."

"To, Allah Ya ba shi lafiya. Ka gaya masa in yana so a raka shi, ni ma Larabar nake zuwa."

Ya sake gyara hularsa. Sannan ya ce, "Zai so. Ka biyo ta gidana."